Tiyatar Rage Ƙiba: Magani Ce Ko Canza Halittar Allah?

Tiyatar rage ƙiba aiki ne da likitoci ke yi wa tumbin mutum, wani lokaci har da hanjinsa, domin ya daina ɗaukar abinci mai yawa. Iri biyu ne suka fi yaɗuwa. A na farko ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, sauran ya koma siriri. A na biyu, wanda Dakta Edward Mason na Jami'ar Iowa ta Amurka ya fara a shekarun 1960, ana ware ƙaramar jaka daga saman tumbi a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Yanke tumbi yana kuma rage sinadarin da ke tayar da yunwa.

Ba kowane mai jiki ake yi wa ba. Likitoci suna raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa 30 zuwa sama a matsayin ƙiba mai cutarwa. Tsohuwar ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ta keɓe tiyatar ga wanda ya kai 40, ko 35 idan yana fama da ciwon sukari ko hawan jini.

A Garo da ke ƙaramar hukumar Kabo, da sauran garuruwan yankin Gwarzo, ƙiba ba ta da mummunan suna. Wanda ya yi teɓa cewa ake yi hutu ya zauna masa, matar da ta murje kuwa mijinta ake yaba wa. Har ’yan mata sukan sayi ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe domin su ciko. Saboda haka duk wanda likita ya ba shawarar a rage masa tumbi, tambayar da ke fara zo masa ta addini ce: shin wannan ba taɓa halittar Ubangiji ba ne?

Tushen damuwar yana cikin aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, inda aka ambaci canza halittar Allah cikin ayyukan da Shaiɗan ke umartar mutane da su. Sai dai malaman fiƙihu sun bambanta abu biyu: sauya jiki lafiyayye don neman ƙarin kyau, da gyara abin da ya lalace don kawar da cuta. Daga hujjojinsu akwai labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinari, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007, ta halatta rage nauyi ta hanyar tiyata bisa sharuɗɗa uku: ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya da ta rage, kuma an amince daga cutarwa. Mutumin da gwiwoyinsa suka kasa kai shi sujada, numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, sukari ke cin ƙafarsa, neman magani yake yi. Wanda kuwa lafiyarsa ƙalau, siffa kawai yake so, bai shiga wannan rangwame ba.

Sharaɗi na uku shi ne mafi nauyi, domin aikin yana da haɗarinsa: zubar jini, yoyon ɗinki, daskarewar jini a jijiya. Bayan an warke ma, jiki ba ya tsotsar sinadarin ƙarfe da bitamin B12 yadda ya saba, don haka shan ƙwayoyin ƙari ya zama na har abada, tare da gwajin jini lokaci-lokaci. Ana kuma shawartar mace ta jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18. Mazaunin Garo da ya sayar da gona ya yi aikin a Legas, Masar ko Indiya, ya dawo ba shi da likitan da zai ci gaba da duba shi a Kano, bai cika wannan sharaɗi ba, ko da niyyarsa tana da kyau.

Akwai kuma jarrabawar zaman jama'a. A gidan da ake cin tuwo a kwano ɗaya, wanda aka yi wa aikin loma uku ko huɗu ke ƙosar da shi, ya tsame hannu, a yi ta ce masa “ƙara mana”. Idan rama ta bayyana, sai a fara tambayar “lafiya kuwa?”, wasu su zargi mugun ciwo, wasu su ce sammu ne. Azumi ma yana da hukuncinsa: ƙaramin tumbi ba ya ɗaukar ruwa da yawa a sahur, ga zafin bazara, don haka wanda bai daɗe da aikin ba yana iya shiga rangwamen mara lafiya da ke aya ta 184 da 185 ta Suratul Baƙara, ya rama daga baya bisa shawarar likita.

Tiyatar ba ta ɗauke wa mutum nauyin kame baki. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta hana almubazzaranci a ci da sha, hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib kuma ya koyar da raba ciki uku tsakanin abinci, ruwa da numfashi. Tumbin da aka rage yana iya sake buɗewa, ƙiba ta dawo ga wanda ya koma wa lemon kwalba da soye-soye. Haka nan bai dace a ɗauki kowane mai ƙiba a matsayin maciyi ba, tunda gado, wasu magunguna da cututtuka suna haddasa ta. Hukuncin ya rataya ne a kan halin kowane majiyyaci: ƙwararren likita ya tabbatar da lalurar, majiyyacin ya fahimci haɗarin ya yarda da kansa, kuma ya kasance yana da halin kula da jikinsa bayan aikin.