Amanar Kare

Wani mafarauci a unguwarmu ta Koki, da Allah Ya nufe shi da zuwa aikin Hajji, ya rasa inda zai bar karnukansa biyu, sai ya je zauren maƙwabcinsa ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ga amana." Malam ya yi shiru, domin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ta hana ajiye kare a gida sai don noma, ko kiwo, ko farauta.

A ganina karɓa ta fi dacewa, tun da yake waɗannan karnukan farauta ne, kuma a mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa wa baki sau bakwai ma ta'abbudi ne kawai. Amma wanda ya karɓi wadi'a, ko da yake fuƙaha'u ba su ɗora masa lamuni idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, to ci da sha da inuwar wannan dabba, wadda ba ta da bakin kai ƙara, sun hau wuyansa. Abin da ya fi tsorata ni ke nan, musamman in na tuna hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Malam ya karɓa, ya ɗaure su a kangon bayan gida, kullum da hantsi almajirinsa na kai musu ƙanzo da ruwa.