Ƙwaron Wake Da Hakkin Mai Ci



'Yan uwa, ranar Alhamis ina kasuwar Maigatari wani bawan Allah ya ja ni gefe. Buhunan wake ya sara tun kaka daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, yanzu ƙwari sun fara huda su. Wai Malam, in ya yayyafa fiya-fiya ya fito da shi kasuwa, akwai laifi?

Na ce masa: 'ya'yanka za su ci? Sai ya yi shiru.

Ni ban raina asararsa ba fa. Ƙwaron nan tun a gona yake saka ƙwai jikin wake, tsutsar ta ci ƙwayar ta ciki, cikin kamar wata guda sabbi sun fito. Kafin bazara buhu ya koma gari. Kare dukiya kuwa Shari'a ce ta yi umarni da shi. Annabi Yusuf (AS) da kansa ya shawarci mutanen Masar su bar hatsi a zangarniyarsa, yadda kakanninmu a ƙasar Gumel suke jera damin gero a rumbu.

Amma fiya-fiya guba ce, ba a yi ta don a zuba a abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda sinadarin nan. Su suna da na'urar gwaji. Baiwar Allah mai tuyar ƙosai a Gumel, da me za ta gwada? Da cikin yaran makaranta?

Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tuhumi mai shi, ya kira hakan algus. Damshin ruwan sama ne kawai fa. To ina ga guba?

Kuma mafita tana nan. A shanya waken ya bushe sarai, a zuba a buhun PICS mai ninki uku, ko jarka, ko duro, a toshe ruf. Iska na ƙarewa ƙwaron zai mutu. Iyayenmu toka suke cakuɗawa. Wanda ya riga ya huje kuwa, ka buɗe buhu mai saye ya gani, ka rage kuɗi.

Mutumin nan ya ce buhun da tsada. Na ce mu zauna mu lissafa, kuɗinsa bai kai na tiya ɗaya ta waken da ke ciki ba.

Wallahu a'alam.