Tuban ɗan majalisa ba ya cika da baki kaɗai

Malamai sun gindaya wa tuba sharuɗɗa: mutum ya bar laifin, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba, in kuma laifin ya taɓa haƙƙin wani, ya mayar masa da abinsa. Ukun farko tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. Na huɗun ne ke ɗaure mini kai idan mai laifin ɗan majalisa ne. Wanda ya ci kuɗin maƙwabcinsa ya san ƙofar da zai je ya yi sallama. To wanda ya hau kujera ya danne haƙƙin miliyoyin mutanen da bai taɓa gani ba, gidan wa zai nufa?

Rayuwar Robert Byrd na Amurka ce ta sa nake juya wannan tambaya. An haife shi a 1917, mahaifiyarsa ta rasu a annobar murar 1918, dangi suka raine shi cikin talauci a yankin masu haƙar kwal na jihar West Virginia. Ya yi fawa, ya yi walda. A 1946 aka zaɓe shi majalisar dokokin jiharsa, a 1953 ya shiga Majalisar Wakilai ta tarayya, a 1959 ya zama sanata, kuma bai bar wannan kujera ba sai da ajali ya ɗauke shi a watan Yunin 2010, yana da shekara 92. Shekara 51 ke nan a Majalisar Dattawa.

Sai dai tushen siyasarsa ba abin alfahari ba ne. A farkon shekarun 1940 shi ya tara mutane suka kafa reshen Ku Klux Klan, ƙungiyar da ta shahara da ƙin baƙar fata da yi musu ta'addanci, aka kuma ba shi shugabancin reshen. Ana iya cewa wannan wautar ƙuruciya ce. Amma a watan Yunin 1964, yana da shekara 46, ya miƙe a zauren majalisa ya kwana yana magana, awa 14 da minti 13, don kawai ya hana a kaɗa ƙuri'a a kan dokar da za ta haramta nuna wa baƙar fata wariya a otal, gidan cin abinci da wurin aiki. A 1965 ya ƙi dokar kare musu 'yancin zaɓe. A 1967 ya ƙi amincewa da Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da aka naɗa alƙali a Kotun Ƙoli.

Daga baya ya sha fitowa yana neman afuwa, yana kiran shigarsa Klan babban kuskuren rayuwarsa. Masu shakka suka ce tuban muzuru ne. Hujjarsu ba ta da rauni: jam'iyyarsa ta Democrat ta riga ta sauya alƙibla, kuma da wuya ya zama shugaban masu rinjaye a 1977 da ya ci gaba da tsohon ra'ayinsa. Har a 2001 ya furta kalmar cin zarafin baƙar fata a wata hira ta talabijin, ya sake ba da haƙuri.

Ni ba zan yanke hukunci a kan zuciyarsa ba, wannan na Allah ne. Abin da ɗan Adam ke iya aunawa shi ne ko tuban ya ci wa mai shi wani abu. A nan akwai abin dubawa. A watan Mayun 2008 Hillary Clinton ta yi wa Barack Obama kaye mai muni a zaɓen fid da gwani na West Virginia. Cikin mako guda Byrd ya fito ya mara wa Obama baya, ya saɓa wa mutanen da suka shekara sittin suna zaɓensa. Kafin nan, a watan Oktoban 2002, yana cikin sanatoci 23 da suka ƙi ba George Bush izinin yaƙar Iraƙi, lokacin da ƙin yaƙin ke jawo wa mutum zargin rashin kishin ƙasa. Mutumin da a da ya yi amfani da ƙa'idojin majalisa wajen tare adalci, ya koma yana amfani da su wajen taka wa mai mulki burki.

Shin wannan ya biya bashin? A ganina bai biya duka ba, ba kuma zai iya ba. Da yawa daga cikin waɗanda ya so a ci gaba da wulaƙantawa a 1964 sun mutu ba su ji afuwarsa ba. Tarihin Musulunci ya koya mana yadda ake riƙe abu biyun tare. Wahshi ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, daga baya ya musulunta. Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, amma ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Wahshi bai tsaya ga kalmar baki ba, ya fita yaƙin Yamama, ya jefi Musailama da mashi. An karɓi tuban, ciwon bai gushe ba, mai tuban kuma ya nemi gyara da irin makamin da ya yi ɓarna.

Makamin ɗan majalisa ƙuri'arsa ce. Da ita ya zalunta, da ita kuma zai mayar da abin da zai iya mayarwa. Shi ya sa daɗewa a kujera ba ado ba ne kawai. Dama ce da Allah ya ba shi ta gyara, hujja ce kuma a kansa idan bai gyara ba. Byrd ya kaɗa ƙuri'a fiye da dubu 18, kowacce tana rubuce da sunansa.

Mu ma muna da waɗanda ke zaune a majalisa tun 1999. Idan ɗayansu ya zo neman ƙuri'arka yana cewa a yafi juna, ka yafe masa abin da ke tsakaninku in ka ga dama. Amma kafin ka dangwala masa, ka tambaye shi wace doka ya tsaya wa domin gyara abin da ya ɓata, da kuma abin da tsayuwar ta ci masa.