Spectre: Fatalwar da Aka Ɗora wa Aikin Ramuwa

Spectre jarumi ne a mujallun labarin zane na Amurka. Ya fara bayyana a fitowa ta 52 ta More Fun Comics, mai ɗauke da watan Fabrairu na 1940. Jerry Siegel, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro Superman, shi ya rubuta labarin, Bernard Baily kuma ya yi zanen. Sauran jaruman zamanin rayayyu ne masu ƙarfin damtse. Shi kuwa matacce ne.

Sunansa na asali Jim Corrigan, ɗan sandan ciki. Wani ɗan daba mai suna Gat Benson ya sa aka cusa shi cikin ganga, aka cika ta da siminti, aka jefa a kogi. Ruhinsa na kan hanyar makoma sai wata Murya ta tsayar da shi, ta mayar da shi duniya ya yaƙi mugunta. Marubucin bai ambaci mai Muryar ba, amma babu mai karatun da ya kasa ganewa. Corrigan ya dawo fari fat kamar likkafani, sanye da koriyar alkyabba mai hula, yana ratsa bango, yana girma har ya kere gidaje, kallonsa kaɗai yana kisa.

Daga nan tauraronsa ya yi ta dusashewa. Ya shiga ƙungiyar jarumai ta Justice Society, aka haɗa shi da wani ɗan sanda na ban dariya mai suna Percival Popp, ya ɓace a 1945. A 1954 masu buga mujallun suka kafa wa kansu hukumar tace labarai, Comics Code Authority, bayan ƙorafin da likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya jagoranta cewa zanen tsoro yana lalata yara. Hukumar ta hana nuna jini da azabtarwa, sai a 1971 ta ɗan sassauta.

Bayan an dawo da Spectre, zubin da aka fi tunawa shi ne na 1974 zuwa 1975, a Adventure Comics, fitowa ta 431 zuwa ta 440, rubutun Michael Fleisher da zanen Jim Aparo, ƙarƙashin edita Joe Orlando. Tsarin kusan ɗaya ne kullum: miyagu su kashe bayin Allah ba gaira ba dalili, Corrigan ya zo bincike, Spectre ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya narke kamar kyandir. Wani aka datse shi da ƙaton almakashi. Wani kuma aka mayar da shi itace, sannan aka bi da shi ta injin yanka katako, gunduwa-gunduwa. Dabarar ta zagaye doka ce, tunda gungume ba ya jini, hukumar ba ta da abin kamawa. Sai dai hakan ya ƙara wa abin muni, domin mai karatu ya san mutum ne a cikin itacen nan, ga fuskarsa a daskare da firgici.

A nan tambayar addini take. Babbar hujjar da ake kafawa a kan mai ɗaukar doka a hannunsa ita ce yana iya kuskure, ya hallaka wanda bai ji ba bai gani ba. Labarin Spectre ya toshe wannan ƙofa: yana ganin zuciya, ba ya buƙatar shaida, kuma daga sama aka aiko shi. Abin da ya rage shi ne ko sanin mai laifi kaɗai ya isa ya mayar da azaba adalci.

Kiristanci da Musulunci ba su amsa da e ba. Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, a babi na 12, ta hana mai bi rama wa kansa, ta bar ramuwa ga Ubangiji. Musulunci ya halatta ƙisasi, amma ya kewaye shi da sharuɗɗa: alƙali ne ke yanke hukunci, ba a wuce gwargwadon laifi, an hana wulaƙanta gawa, kuma ayar ƙisasi a Suratul Baƙara ta buɗe wa dangin mamaci ƙofar yafewa da karɓar diyya. Hadisi a Bukhari ya hana mutum azabtarwa da wuta, domin wannan na Allah ne. Spectre ya tsallake dukkan waɗannan. Bai tambayi dangin mamaci ba, bai bar wa mai laifi numfashin tuba ba, kuma yana ƙawata hukuncinsa kamar mai jin daɗin aikin. An ɗauki sifa ɗaya ta Ubangiji, fushi, an raba ta da rahama, an damƙa wa mutumin da shi kansa aka zalunta. Wanda aka binne a siminti kuwa da wuya ya iya rarrabe haƙƙin Allah da haushin kansa.

Fleisher bai zurfafa a wannan ba. Ya sa wani ɗan jarida, Earl Crawford, yana bin sawun gawarwakin cikin ƙyama, ya bar maganar nan. John Ostrander, wanda ya taɓa zama a makarantar horar da limaman Katolika, shi ya ɗauki tambayar da gaske a jerin da ya yi tare da mai zane Tom Mandrake daga 1992 zuwa 1998. A can Spectre ya hukunta wata ƙasa ta ƙirƙira, Vlatava, ya hallaka kusan duk mutanenta saboda yaƙin basasar da suka tafka, sannan labarin ya tilasta masa duba abin da ya aikata. An bayyana cewa ikon da ke jikin Corrigan wani mala'ika ne da ya yi tawaye ya tuba, mahaifin Corrigan kuma mai wa'azi ne mai dukan ɗansa, wanda daga wurinsa ya gaji surar Ubangiji marar sassauci. A fitowa ta 62, ta ƙarshe, Corrigan ya ajiye aikin, aka yi masa jana'izar da bai samu ba tun 1940.