Saniya Ta Maigida, Nono Na Wa?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Ƙaraye ko Rogo ya san inda masu nono su ke zama. Tun da hantsi za ka ga matan Filani sun jero daga rugage, kowace da ƙwarya a ka, an rufe da faifai, ga ludayi, ga curin man shanu. Mun saba ganinsu har ba mu tambayar kanmu kome game da su. To, yau ga tambayar da na ke so mu tsaya mu duba. Kuɗin nan da Bafilatana ta ke ƙullewa a bakin zane, na wane ne? In kuwa zamani ya kawo sabuwar hanyar sayar da madara, hannun wa ya kamata kuɗin ya shiga?

Bisa al'adar Filani, aiki a rabe ya ke. Kiwo na namiji ne. Shi ke kai shanu daji da mashaya, shi ke nemo musu magani, shi ke sayar da sa in bukata ta taso. Amma da zarar madara ta shiga ƙwarya, ta zama ta mace. Ita ke ajiye ta ta kwana, ta kaɗa ta fid da mai, ta kirɓa fura, ta ɗauka ta taka zuwa gari. Abin da ta samu, da shi ta ke sayen gishiri da daddawa da sabulu, da shi kuma ta ke tara wa 'yarta kayan ɗaki. Wata Baturiya mai suna Ann Waters-Bayer ta zauna cikin Filanin kudancin Jihar Kaduna, ta fitar da littafi a kan wannan a 1988. Ta tarar cewa ko da maza ne su ke tatsa, cinikin nono da kuɗinsa a hannun mata su ke.

Sayen madara daga Filani don masana'anta ba yau aka fara ba. Tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ana yin man shanu irin na Turawa a Vom, kusa da Jos. A wannan zamani kuwa abin ya matso kusa da mu. A 2020 aka ƙaddamar da wani babban shiri na noma da kiwo a Jihar Kano, da taimakon Bankin Musulunci, kuma cikin ayyukansa har da gina cibiyoyin tara madara. Ƙasar Ƙaraye kuwa, mai madatsar ruwan Challawa da aka gama a 1992, wuri ne da shanu ba su rasa mashaya.

Ga yadda irin wannan cibiya ta ke aiki. Ɗanyar madara ba ta jimre zafi, saboda haka dole a kai ta da sassafe, a gwada ta, a auna, a zuba cikin injin sanyaya. Sai a rubuta sunan mai ita a littafi, a biya shi bayan 'yan kwanaki, wani lokaci ta banki ko ta waya. To, a nan gizo ke saƙa. A ce malamin cibiya ya zo ruga ya tambaya, "Wane ne maigida?" Sai ya rubuta sunan namiji. Namiji ne ke da babur ɗin da zai isa da wuri, shi ke da waya, shi ke zuwa taro. Ba wanda ya yi nufin zalunci, amma a hankali sai ka ga kuɗin da ya ke shiga bakin zane ya koma aljihun riga. Ba kuɗin kaɗai ba. Wadda ta sayar da ɗanyar madara ta sayar har da man da za ta fitar, da tsalar da yara za su sha.

Kada mu yi wa namiji rashin adalci, shi ma yana da ta faɗi. Zai ce, "Saniya tawa ce. Ni na sayi dusa da rani, ni na biya allura. Kuma dā matata ta kan yi tafiya mai nisa cikin rana, 'yata ta kan yi talla maimakon makaranta. Yanzu duk sun huta." Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba mai hankalin da zai so yarinya ta ƙare ƙuruciyarta da ƙwarya a ka.

Amma fa a lura, sauke wa mutum kaya daban, karɓe masa kaya daban. In ka ga tsohuwa da dami ka taya ta ɗauka, ka yi alheri. In ka wuce da damin gidanka, ai sunan abin ya sake. Hutu bai zama hutu ba in mace za ta koma roƙon kuɗin gishirin da dā ta ke saye da guminta. Sa'an nan ba dukan shanun garke ne na maigida ba. Akwai ta sadaki, akwai ta gado, akwai wadda uba ya ba 'yarsa. Shari'a kuwa ta tabbatar cewa dukiyar mace tata ce, miji ba shi da ikon taɓa ta sai da yardarta, kuma ciyar da gida a wuyansa ya ke. Saboda haka ba ya isa a ce madara ta ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Sai an tambaya, ya ƙaru ga wa, ya ragu ga wa? In ba haka ba, garin neman gira sai a rasa ido.

Mutanen Indiya sun bi wannan hanya kafin mu. A 1946 manoman garin Anand suka kafa jam'iyyar gama kai ta masu madara, a 1970 gwamnatinsu ta soma yaɗa tsarin ko'ina, har a 1998 suka fi kowace ƙasa yawan madara. Da suka lura mata ne ke yin yawancin wahalar, sai suka riƙa kafa jam'iyyu na mata zalla, ana biyan mace hannu da hannu.

Mu ma abin bai fi ƙarfinmu ba. A rubuta sunan wadda madarar ta ke hannunta, a biya ta. A sa lokacin taro sa'ad da mata za su iya zuwa. A ware ta yara da ta maraƙi kafin a auna ta sayarwa. In miji ya kashe kuɗin dusa da magani, su zauna su yi shawara a kan rabonsa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuwa da Allah ya nufa kuka yi yaƙi da jahilci, maza da mata, ga inda karatunku zai yi rana. Ran da aka buɗe littafin cibiya a gabanku, kada ku dangwala yatsa ku wuce. Ku karanta sunan da aka rubuta. In na mai haƙƙi ne, madalla. In ba nata ba ne, ku ce a gyara, ko da sunanku ne za a share. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.