Kafin a auna tsaba, a ƙirga bakuna

A gidajen manoma na Gwandu da Kalgo a jihar Kebbi, ba a fitar da hatsi daga rumbu da ka. Uwargida ta san bakunan da za ta ciyar: yara nawa, baƙi nawa, almajirai nawa, sannan ta auna. Da za ta riƙa awo da lissafin shekara ashirin da suka wuce, da rabin gida sun kwana da yunwa alhali rumbu na cike.

Abin lura shi ne, da irin wannan tsohon lissafi ake rabon wakilci a Nijeriya. Ƙidayar ƙarshe ita ce ta 2006, wadda ta ba ƙasar mutum miliyan 140, Kebbi kuma miliyan 3 da ɗoriya. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Jariran shekarar 2006 yau sun isa jefa ƙuri'a.

Kujeru 360 na Majalisar Wakilai bisa yawan jama'a ake kasa su, amma kason bai motsa ba tun 1999. Kano da Legas 24 kowacce, Kebbi 8. Gwandu na tarayya da Aliero da Jega a kujera ɗaya, Kalgo kuma da Birnin Kebbi da Bunza, duk da yadda jami'ar tarayya da bunƙasar babban birnin jiha suka jawo mutane wannan yanki.

Sai dai ba komai tsarin mulki ya bar wa yawa ba. Kowace jiha sanata uku gare ta, babba ko ƙarama. Mai neman shugabancin ƙasa kuma, ban da rinjaye, dole ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Shi ya sa ba mai iya raina Kebbi.

Inda abin ke ciwo shi ne ranar zaɓe. A 2023 mutum miliyan 93 suka yi rajista, kusan miliyan 25 suka fito, aka ci shugabanci da ƙuri'a ƙasa da miliyan 9. A Kebbi, cikin masu rajista miliyan 2, ko kashi ɗaya cikin uku bai fito ba.

Mu matsa a yi ƙidaya ta gaskiya, mu yanki kati, mu tsaya a layi. Ɗan siyasa ba ya tsoron yawan da ke zaune a gida.