Yarda da Kai Ko Girman Kai?

Sau da yawa nakan ji 'yan'uwana ɗalibai suna cewa ba za su fara ƙaga labari ba sai ranar da suka tabbata sun iya. To, wa ya taɓa koyon iyo a tudu?

Mu dubi Abubakar Imam. A 1933, da Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar ƙaga labarai, yana malamin makaranta a Katsina, shekarunsa 22 kacal, amma ya ɗauki alƙalami ya rubuta Ruwan Bagaja. Daga baya ya zauna da Rupert East yana karɓar gyara, har Magana Jari Ce ta fara fitowa a 1937.

A ganina, wanda ya saba rubuta shafi guda kullum da sassafe, ya karanta wa abokai, ya daure su ce masa wuri kaza bai yi ba, shi ke da hujjar yarda da kansa. Wanda ya ƙi gyara, girman kai ke damunsa. Wanda ya ƙi farawa ma, in an bincika, ciwon ɗaya ne: gudun kada a ga kuskurensa.